Ranar da Muka Ara wa Injiniya Kujeru

Na fara jin sunan Injiniya a bakin Inna, ranar da na dawo hutu daga makarantar kwana. Ina cikin ɗaki ina kwance kayana na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu ta kan katanga cewa fitilarta ta sake mutuwa, sai dai a kai wa Injiniya, in ta tashe ta to, in kuma ta ƙarasa ta a huta. Suka yi ta dariya. Ni na ɗauka wani sabon mai gyara ne ya buɗe shago a layinmu. Da na tambaya, Inna ta ce wa kuwa in ba matar kawunki ba, ai tun da aka ba ta akwatin ƙarafa take tafiya kamar wadda aka kira gyaran jirgin sama.

Kafin wannan suna, a gidanmu matar Kawu kawai muke ce mata. Doguwa ce, mai manyan hannuwa, ba ta da yawan magana, karatunta kuma a aji uku na firamare ya tsaya. Mijinta, ƙanin Inna, direban motar kaya ne. Wata safiya ya fita lafiya, da la'asar aka kawo mana takalminsa da agogonsa. Ya bar ta da 'ya'ya mata uku a ɗaki ɗaya, cikin gidan haya mai ɗakuna tara, nasu shi ne na ƙarshe kusa da famfo, inda bango ba ya bushewa.

Bayan an watse daga zaman makoki, Kawu Babba, yayan su Inna, ya tara mu a shagonsa na ɗinki. Ya ce ba ya ganin yadda mace ɗaya marar sana'a za ta riƙe baki huɗu, don haka a raba yaran: babbar ta koma gidansa, ta tsakiya wurin wata ƙanwarsu da ke aure a wani gari, Auta kuma wurin Inna. Ba mugunta ba ce, shi ma abin da yake da shi bai taka kara ya karya ba. Matar Kawu ta roƙi a bar mata su ta gwada. Kawu Babba ya ce ya ji, muddin suna ci suna zuwa makaranta ba wanda zai taɓa su, amma ranar da ya ga yunwa a idon ɗaya daga cikinsu magana ta ƙare. A kan wannan sharaɗi ta rayu tun daga ranar.

Ta yi wankau, ta yi aikatau, ta sayar da ƙanƙara a kula, duk abin bai tsaya ba. Ana haka wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje ta shigo unguwarmu. Maganarsu ita ce talauci ba ya fita daga gidan da aka ɗaure hannun mace, kuma ba ɗinki ko yin sabulu suka kawo ba, sana'ar da aka saba gani a hannun maza suka ce za su koyar. Suka ɗauki mata ashirin, suka koya musu gyaran fitilar sola da ƙananan fanka na wata uku, suka ba kowacce akwatin kayan aiki, sannan suka ajiye wata doguwar kwantena a bakin kasuwa, aka yanka ta gida-gida, aka sa mata wuta daga sola a rufinta. Kowacce ta samu tebur, da kujera, da soket biyu. Aka ce nasu ne na shekara guda, bayan nan za a zo a duba.

A cikin su ashirin ɗin ba wadda hannunta ya faɗa kamar nata. Takan buɗe fitila ta kai hancinta, ta ce batir ne ko waya ce ta ƙone, kafin ma ta ɗora mita. Idan tana narka dalma numfashinta ma ɗauke shi take yi. Da farko maza sukan tsaya a ƙofar kwantena su tambaya ina mai shagon, ita kuma ta ce ya fita, amma ya bar mata hannunsa. Don tsokana aka fara kiranta Injiniya, har sunan ya zauna, har masu tsokanar suka koma kawo mata aiki. Cikin wata shida yaran suka yi ƙiba. Auta har ta fara zaɓen abinci, Inna tana cewa ga 'yar Injiniya, ba a cin ɗumame.

Sai kasuwa ta cika da wasu fitilu masu arha, waɗanda in sun mutu sayen sabuwa ya fi gyara sauƙi. Kayan canji da ƙungiya ta ba su suka ƙare. Aiki ya ja baya, ya ja baya, har ya zama wata ranar fitila ɗaya take gani, wata ranar ko ɗaya. Takan buɗe wata matacciyar fitila a kan tebur ta yi ta juya ta da sukudireba, don kada masu wucewa su ga tana zaune hannu sake. Lokacin na gama sakandare ina gida. Na lura 'yarta ta tsakiya ta fara zuwa gidanmu da tsakar rana wai ta zo gaida Inna, tana gaisuwa idonta yana kan tukunya. Inna ta lura ita ma. Takan zuba mata ta ƙara da na 'yan uwanta a leda, kuma ba wanda ya kai maganar shagon Kawu Babba.

Da shekara ta cika, Malamar da ke kula da su a ƙungiya ta sanar cewa jibi baƙi za su zo daga babban ofis, za su shiga gidan kowacce su ga yadda take. Injiniya ta zo wurin Inna da magariba, jikinta a sanyaye. Ta ce idan suka ga ɗakinta yadda yake za su ce ta ci amanar abin da aka ba ta, su karɓe tebur da akwati su ba wata. Inna ta ce haka ne kuwa, wanda ya ba ka iri tsiro yake son gani, kuma ba a tona mana asiri gaban baƙi tana da rai. Ni ma haka na gani. A cikinmu ba wanda ya yi tunanin a tambayi Malama me ake dubawa, don a ganinmu amsar a fili take.

Washegari muka wuni muna jido. Inna ta naɗe kafet ɗinta na falo da labulenta sabo. Ta je ta gaya wa Kawu Babba cewa Turawa za su zo karrama matar ƙaninsa, ya ji daɗi, ya ba da kujerunsa biyu masu hannu, har da kuɗin mai kura. Maƙwabciya ta ba da talabijin ɗinta, tana cewa ta daɗe da mutuwa amma ai ba kunnawa za a yi ba. Injiniya ta kasa haƙuri, ta buɗe bayanta ta gyara ta nan take, matar ta ce to yanzu kuma aron ya zama da tsada. Aka jingine katifa a bango don ta rufe inda ruwa ya ci. Babbar 'yarta ta sa takalmina na makaranta, aka cusa takarda a gabansa. Can a kwantena kuwa, matan layinmu suka kai fitilunsu masu lafiya, muka jera su goma sha bakwai a kan tebur, na rubuta wa kowacce lamba na manna, kamar aikin da ke jiran masu shi. Ranar zuwan baƙin Inna ta dafa abinci da nama, ƙamshinsa ya cika gidan haya, yaran ɗakuna tara suna leƙe.

Baƙin su biyu ne, wata dattijuwar Baturiya mai furfura da abokin aikinta mai riƙe da kwamfutar hannu. An ce Malama kada ta biyo su, don matan su saki jiki su faɗi gaskiya. Ba sa jin Hausa, sai aka ce ni da na yi makaranta in yi tafinta. Matar ta cire takalminta a ƙofa, ta zauna a kujerar Kawu Babba, tana share gumi tana murmushi. Mutuniyar kirki ce, wannan ba zan ɓoye ba.

Ta tambaya sau nawa suke cin abinci a rana. Injiniya ta ce alhamdu lillahi, sau uku, sai wanda ya ƙi. Na juya mata da Turanci. Ta tambaya ko akwai ranar da aka kwana ba a ci ba a cikin watan nan, aka ce Allah ya kiyaye. Ko yaran suna da takalma, babbar ta miƙo ƙafa. Ko aiki yana samuwa, aka ce har ya yi yawa. Mutumin yana ta danna allo, yana ɗaga kai yana kallon talabijin da labule yana ƙara dannawa. Can sai matar ta ce masa ya ajiye. Ta matso, ta kama hannun Injiniya, ta ce in gaya mata ita ma ta riƙe 'ya'ya ita kaɗai, ta san ba sauƙi, idan akwai wani nauyi da take ɗauke da shi ta faɗa, don shi suka zo ji.

Na juya wa Injiniya maganar kalma bayan kalma. Na ga leɓenta ya motsa. Ta kalli ƙofa, inda Inna take tsaye da faranti, bayanta matan gidan haya sun yi cirko-cirko.

"Ki ce mata ba ni da abin faɗa sai godiya," in ji ta. "Wanda ya ɗauke ka daga rana ya sa ka a inuwa, ba ka ce masa inuwar ba ta kai ƙafa ba."

Na juya wannan ma, har na yi ƙoƙarin ya fito da daɗi. Matar ta share ido. Suka ɗauke ta hoto a kwantena, tsakiyar fitilu goma sha bakwai. Da yamma muka mayar wa kowa kayansa, Inna tana cewa yau kam mun fita kunya.

Bayan sati uku aka kira taro a harabar kwantena, aka kafa rumfa. Aka kira Injiniya ta farko, aka ce a cikin mata ashirin ita ce ta fi kowa tsayawa da ƙafarta, aka miƙa mata takardar shaida a cikin gilashi. Muka yi ta tafi, ita ma tana tafi. Sai da aka watse Malama ta ja ta gefe ta yi mata bayani. Tsarin shi ne, waɗanda suka tsaya da ƙafarsu an yaye su, za su bar tebur ga sababbin mata nan da sati biyu. Waɗanda aka samu har yanzu suna fama kuwa, za a ƙara musu shekara, a ba su kayan canji, a koya musu gyaran wayar hannu, wanda shi ne aikin da ke ci yanzu. Mata bakwai aka yaye. Cikin waɗanda aka bari har da wata da ta buɗe wa baƙin tukunyarta wayam ta yi ta kuka, wadda Inna ta kira marar kunya a lokacin.

Malama ta ce ai an karanta musu wannan tun ranar da suka dangwala hannu. Wataƙila an karanta. Shekara guda ke nan, a ranar da kowacce hankalinta yana kan akwatin da za a miƙa mata.

Sau huɗu muka je ofishin ƙungiyar ni da ita, mota biyu ake hawa. Na farko maigadi ya ce ana taro. Na biyu aka ce mu rubuto. Na rubuta shafi uku, na faɗi na wane ne kafet, na wane ne kujeru, na sa sunana a ƙasa na ce ni na manna lambobin. A zuwa na huɗu aka shigar da mu wurin shugabar ofishin, a wani ɗaki mai sanyi da ya sa Injiniya ta ƙudundune cikin mayafi. A bangon bayan matar ga hoton Injiniya nan babba, tana dariya a tsakiyar fitilun aro.

A nan na ji ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa ko Inna ba. Ta ce wata biyu ke nan ita sau ɗaya take ci, shi ma abin da yaran suka rage. Ta ce ta sayar da gadonta, da tukwanenta in ban da ɗaya. Ta ce idan ta bar teburin nan za a raba mata 'ya'ya. Muryarta ba ta rawa, kamar tana karanta labarin wata. Sannan ta zame daga kujera ta durƙusa a kan tayil, macen da ko a makokin mijinta ban ga gwiwarta a ƙasa ba.

Shugabar ta taso da sauri ta ɗaga ta. Ta ce ta yarda da ita, wallahi ta yarda. Amma sunaye sun riga sun tafi, masu ba da tallafi sun rufe na bana, kuma teburin an riga an ba wata mai 'ya'ya biyar da miji a kwance. Ta ce idan aka buɗe wani zagaye za ta sa ta a gaba, sai dai ba ta san yaushe ba, ba ta ma san ko za a buɗe ba. Ta buɗe jakarta za ta ba ta wani abu na mota. Injiniya ta ce a bar shi, an gode. A hanya na yi mata faɗa a kan wannan, ta ce in ƙyale ta, bakin ne ya saba.

Ranar da za ta kwashe kayanta, sabuwar matar ta riga ta iso, 'yar ƙarama da goyo, tana tsaye a rakuɓe kamar ta yi sata. Na zaci Injiniya za ta ƙi kallonta. Sai ga ta tana nuna mata cewa soket na hagu yana ja, kada ta taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, kuma aljihun tebur sai an ɗaga shi kaɗan yake buɗewa.

Ta koma gindin wata bishiya a bakin titi, ta ɗora akwatinta a kan benci. Babu wuta a wurin, sai ta riƙa gasa ƙarfen dalma a garwashi, yana yin zafi fiye da kima yana ƙona abin da take gyarawa. Ruwa ya kore ta, masu tsaftace titi suka kore ta. Ta bi shagunan masu gyara ɗaya bayan ɗaya tana neman a ɗauke ta, wani ya ce matarsa ba za ta yarda ba, wani ya ce ai ita Injiniya ce, shi bai isa ya biya Injiniya ba. Inna ta ninka abin da take aikawa, har mu ma tukunyarmu ta fara gazawa. Ba ta ƙara ambaton fita kunya ba. Wani lokaci ina ganinta tana tsaye tana kallon kafet ɗin kamar shi ya yi mata laifi.

A wata na uku 'yar Injiniya ta tsakiya ta faɗi a layin taron safe na makaranta. Shugaban makarantar abokin cinikin Kawu Babba ne, kafin azahar labari ya kai shago.

Kawu Babba ya zo ɗakin Injiniya da kansa, abin da bai yi ba tun rasuwar ƙaninsa. Ya tsaya a tsakiya yana kallon tabarma, da tukunya ɗaya, da bangon da ruwa ya ci, da takardar shaida a jingine a taga. Inna ta gaya masa komai tun daga farko.

"Ashe kujeruna ne suka kore ki," in ji shi.

Ba wanda ya yi dariya. Ya ce shi ba zai iya tsayawa gaban ƙaninsa gobe ƙiyama ya ce ya bar 'yarsa ta faɗi a titi don yana jin nauyin uwarta ba. Injiniya ta roƙi wata ɗaya. Ya ce wata ɗaya da me a ciki? Ta roƙi a haɗa su ukun a gida ɗaya, ko na wane ne, ita ta yarda ta yi nesa. Kawu Babba ya kalli Inna, Inna ta kalli ƙasa. Ba gidan da zai iya ɗaukar baki uku a cikinmu, kuma ita ma ta sani. Abu ɗaya ta samu: ta tsakiya ba za a kai ta wani gari ba, wata 'yar uwarmu da ke bayan asibiti ta ce za ta riƙe ta. Gida uku, amma gari ɗaya.

Ita kuwa Malama, wadda abin ya tsaya mata a rai, ta samo wa Injiniya aiki a wani kamfanin haɗa fitilu a babban birni, tafiyar wuni guda. Mata takwas suke kwana a ɗaki, ba a zuwa da yara. Yau shekara biyu ke nan tana can. Takan zo sau biyu a shekara, kwana uku-uku, ta kwana ɗaya a kowane gida. Zagayen da aka ce za a buɗe har yau ba mu ji ba, ko da yake duk wata nakan leƙa ofishin, maigadin har ya san ni, yana ce mini 'yar Injiniya.

Ni na raka ta tasha ranar da za ta tafi, da safe, bayan ta kai kowacce gidan da za ta zauna. Auta ta bari a ƙarshe, a wurinmu, ta ce mata za ta je sayen batir ne. Akwatin ƙarafan yana kan cinyarta a cikin mota, ta ƙi yarda a sa shi a but. Na fara ba ta haƙuri a kan tafintar da na yi, na ce da na ƙara ko kalma ɗaya tawa da ba haka ba. Ta ce in bar wannan, abin da ta faɗa na faɗa. Direba ya tayar da mota, sai ta miƙo dogon hannunta ta taga ta riƙe wuyan hannuna.

"'Yata, abu ɗaya zan roƙe ki. Kowane sati, ko sau ɗaya ne, ki bi gidajen nan ki tattaro su. Ba sai an dafa wani abin kirki ba, ko me kuka samu. Amma ki zuba musu a kwano ɗaya, ki bar su su yi faɗa a kansa. Kada su girma suna gaisawa da juna kamar baƙi."